Tagwayen faifai

Tagwayen faifai (suna, jam'i). A isɗilahin masana kwamfuta, faifan ajiya ne guda biyu da aka ɗaura wa aiki ɗaya, ta yadda duk harafin da na'ura ta rubuta a ɗayansu sai ta rubuta shi a ɗan'uwansa a lokaci guda, domin in ajali ya riski guda, ɗayan ya ci gaba da aiki ba tare da an yi hasarar kome ba. Ana kiran wannan tsari RAID 1, laƙabin da ya samo asali daga maƙalar David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley, a 1988.

A tsarin Linux, manhajar mdadm ke ƙulla su, kuma mai hikima yakan rubuta umarnin tun a takardar girkawa, wato Kickstart a wajen Red Hat ko preseed a wajen Debian, don na'ura ta tsara kanta ba da sa hannun kowa ba. Fa'idar tagwayen faifai a fili take ga ma'aikatu da makarantun ƙasar Gaya da Ajingi, inda ƙurar hunturu da zafin bazara da yawan ɗaukewar lantarki ke gajarta kwanan faifai, mai gyara kuwa yana Kano.

Tanbihi: faifai biyu masu terabait 1 kowanne, terabait 1 kaɗai suke ɗauka. Wajibi ne a sa GRUB, manhajar da ke tada na'ura, a kan duka biyun, in ba haka ba na'urar za ta ƙi tashi ran da na farko ya mutu. Abin da aka goge bisa kuskure kuwa ya gogu a duka biyun, saboda haka ajiye kwafi a wani wuri dabam wajibi ne a kan mai na'ura.