Daga Wuri Zuwa Girshi: Asalin Sunayen Tsabar Kuɗi a Bakin Hausawan Gadarif

Masu tara tsofaffin tsabar kuɗi sukan kira kowace da sunan da kasuwa ta raɗa mata, ba wanda hukuma ta buga a jikinta ba. Ga ɗalibin Hausa, waɗannan sunaye taska ce ta tarihi, musamman a Gadarif da ke gabashin Sudan, inda lissafin ƙasar Hausa ya haɗu da na Larabawa. Hausawa sun zo nan ta hanyar aikin hajji, suka ƙaru bayan yaƙin Burmi na 1903, daga baya noman dawa da riɗi ya zaunar da da yawansu.

A fara da tushe. Kalmar "kuɗi" jam'in "wuri" ce. Da tsabar Turawa ta shigo, sai aka riƙa auna ta da wuri, shi ya sa rabin kwabo ya sami suna "ɗari". Sauran sunayen kuwa kunnen Bahaushe ne ya sarrafa su daga Ingilishi. "Kwabo" daga sunan jan ƙarfe ya fito, "sule" daga shilin, "sisi" daga kwabo shida, "taro" daga kwabo uku. Anini, ɗaya bisa goma na kwabo, shi ne autan tsaba, mai huda a tsakiya. An daina kashe shi tuntuni, amma har gobe wanda aljihunsa ya bushe yana cewa ba shi da ko anini.

Wata tsabar kuma ita ce azurfar Mariya Tariza, sarauniyar Ostiriya. Ta rasu a 1780, aka ci gaba da buga tsabar da wannan shekara a jikinta, domin 'yan kasuwa ba sa karɓar wadda aka sauya wa kama. Ta yi yawo daga Kano zuwa Habasha, ta ratsa Gallabat da Gadarif. Larabawa suka ce mata "riyal", sunan da suka aro daga Sifaniyanci. Bahaushe ya musanya gurbin baƙaƙen ya ce "liyari". Sunanta na Jamusanci, "tala", da shi da "dala" asalinsu ɗaya.

A Sudan Bahaushe ya tarar da wani lissafin. Kuɗin Masar aka yi ta kashewa har 1957, lokacin da ƙasar ta fitar da nata. "Jine", wato fam, girshi 100 ne, ko millim 1,000. Sunan ya samo asali daga tsabar zinariyar da Ingila ta fara bugawa a 1663 da zinariyar gaɓar Gini.  "Girshi" ta bakin Turkawa ya zo, tushensa kuma sunan wata tsaba mai kauri ta Turai. Rabin girshi shi ne "tarifa". Girshi 5 ana ce masa "shilin", domin darajarsa ta yi kusa da ta shilin ɗin Ingila. Ke nan sulen Kano da shilin ɗin Gadarif 'yan uwa ne, uwa ɗaya, kowa da bakin da ya rene shi.

Abin lura shi ne suna yana daɗewa, daraja tana sauyawa. Dala a Kano a da sule biyu ce, a Maraɗi kuwa tamma biyar. A da riyal a Sudan girshi 10 ne, a Masar 20. Bayan zuwan naira a 1973, sule ya koma kwabo 10, jaka kuma, wadda a da fam 100 ce, ta zama naira 200. A Sudan dinari ya shigo a 1992, jine ya dawo a 2007, tsadar rayuwa ta haɗiye girshi da tarifa.

Saboda haka, idan ɗalibi ya ci karo da sunan kuɗi a tsohuwar wasiƙa, ko takardar gado, ko bakin dattijo, ya fara tambayar gari da shekara kafin ya yi lissafi. Wanda ya ɗauki dalar Maraɗi a matsayin ta Kano zai karanta sadaki ko bashi a karkace. Dattawan Gadarif da suka kashe tarifa da hannunsu suna ƙarewa, kuma rikicin da ya ɓarke a 2023 ya tarwatsa iyalai da kayan ajiyarsu. Duk mai kaka a gida ya zauna da ita da alƙalami, ya rubuta sunan kowace tsaba da abin da take saya a zamaninta.