Tarihin Binciken Hautsinewar Ruwa da Maganaɗisu

Binciken hautsinewar ruwa ya samu gindin zama ne a 1883 a birnin Manchester na Ingila, inda Osborne Reynolds ya zura siririn rini cikin ruwan da ke gudu a bututun gilashi. Muddin ruwan na tafiya a hankali, rinin miƙe yake sambal. Da gudun ya haura wani mizani, sai ya tarwatse nan take.

A 1922 Lewis Fry Richardson, masanin yanayi, ya bayyana inda ƙarfin motsin yake tafiya: babbar guguwa kan fashe ta haifi ƙanana, su ma su haifi na ƙasa da su, har kaurin ruwan ya mayar da motsin zafi. Andrey Kolmogorov na Tarayyar Sobiyet ya yi wa wannan bayani lissafi a 1941.

Sai dai narkakken ƙarfe da iskar cikin Rana suna ɗaukar lantarki, don haka maganaɗisu yana da ta cewa a kansu. A 1937 Julius Hartmann na Danmak ya gwada da zaiba, ya ga maganaɗisu na iya kwantar da hautsinin. A 1942 Hannes Alfvén na Suwidin ya nuna cewa a irin wannan ruwa layukan maganaɗisu suna kaɗawa kamar tsarkiyar garaya. An daɗe ana yi masa kallon mai zuƙi-ta-malle, amma a 1970 ya karɓi kyautar Nobel.

Robert Kraichnan ne ya fi kowa girgiza tsohon tunani. A 1965 ya ce wannan kaɗawa tana rage saurin miƙa ƙarfi daga manyan guguwoyi zuwa ƙanana. A 1967 kuma ya nuna cewa a shimfiɗaɗɗen ruwa marar zurfi lamarin juyawa yake: ƙanana ne ke ciyar da manya. Maganaɗisu mai ƙarfi yana tilasta wa narkakken ƙarfe irin wannan tafiya.

Tun 1919 Joseph Larmor ya yi hasashen cewa motsin cikin Rana ne ke haifar da maganaɗisunta. Sai a 1999 aka ga motsin narkakken sodiyam ya haifar da maganaɗisu a birnin Riga, bayan gudunsa ya haura mizani. A gwajin Cadarache na Faransa, wanda ya yi nasara a 2006, har juyewar arewa da kudun maganaɗisun aka gani. Maganaɗisun Duniya ma kan juya haka, ya yi cikakkiyar juyawarsa ta ƙarshe kimanin shekara 780,000 da suka wuce.