Santsi da Taɓo: Rabuwar Malam Aminu Kano da Abubakar Rimi

Santsi da Taɓo sunaye ne da aka laƙaba wa ɓangarori biyu da jam'iyyar PRP ta dare zuwa gare su a Jamhuriya ta Biyu. Taɓo su ne waɗanda suka tsaya tare da Malam Aminu Kano, Santsi kuwa mabiyan Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi. A lokacin Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa suna cikin tsohuwar Jihar Kano, domin sai a 1991 aka ƙirƙiri Jigawa.

Rimi almajirin Malam ne a siyasa, kuma a inuwar PRP ya ci zaɓen gwamna a 1979. Da hawansa ya soke haraji da jangali, abin da NEPU ta daɗe tana yaƙi a kai. Saɓani ya kunno kai ne a 1980, sa'ad da shugabannin jam'iyya suka hana Rimi da Balarabe Musa na Kaduna halartar taron gwamnonin adawa tara. Suka ƙi, aka kore su. Ɓangarensu ya ɗora Michael Imoudu a shugabanci, amma hukumar zaɓe ta FEDECO ta amince da ɓangaren Malam.

Jarida ta shiga tsakiyar rikicin. Gwamnatin Rimi ce ta kafa kamfanin Triumph a 1980, wanda ya riƙa buga Albishir da boko, Alfijir kuma da ajami. Bayan takardar tuhuma da gwamnati ta aika wa Sarkin Kano Ado Bayero, tarzoma ta ɓarke ran 10 ga Yuli, 1981. Aka cinna wa ofishin Triumph da gidan Rediyon Kano wuta, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa.

Irin wannan ta taɓa faruwa a Amurka. Theodore Roosevelt ne ya share wa amininsa William Taft hanyar shugabanci a 1908, suka ɓata, suka kara a 1912, Woodrow Wilson ya lashe zaɓen. Bambancin yana wajen jarida: mujallar McClure's, inda Ida Tarbell ta tona asirin kamfanin Standard Oil, ba ta gwamnati ba ce. Triumph kuwa da kuɗin jiha take numfashi, don haka abokan gabar gwamna suka ɗauke ta bakinsa.

Malam ya rasu ran 17 ga Afrilu, 1983. Rimi ya koma NPP, ya sauka daga mulki, ya sha kaye a hannun Sabo Bakin Zuwo na PRP. A ƙarshen Disamba sojoji suka kifar da jamhuriyar baki ɗaya.