Ma'aunin da Bai Ga Shugaba Ba: Jagoranci da Adalci a Gundumomin Makarantun Amurka

A shekarar 2014 cibiyar Brookings ta fitar da rahoton Matthew Chingos da Grover Whitehurst da Katharine Lindquist a kan tasirin shugaban gundumar makarantun gwamnati a Amurka. Sun bi diddigin bayanan jihohin Fulorida da Karolina ta Arewa na kusan shekara goma, suka ce rabon shugaban gunduma a bambancin makin ɗalibai bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, alhali malamin aji yana da kashi 4, makaranta kashi 3, ita kanta gundumar kashi 1.7. Suka ƙara da cewa yawancin shugabannin ba sa wuce shekara uku zuwa huɗu a kujera, kuma daɗewarsu ba ta ƙara wa yara maki. Daga nan wasu suka ɗauka cewa duk wanda aka ɗora a kujerar, ɗaya ne. A ganina alƙaluman ba su kai ga wannan hukunci ba.

Babu gardama a kan cewa halin gidan da yaro ya fito yana rinjayar karatunsa fiye da komai (Coleman, 1966), ko cewa a cikin makaranta jagoranci yana bin bayan koyarwar aji ne (Leithwood da abokan aikinsa, 2004). Inda na rabu da marubutan rahoton Brookings shi ne abin da ma'auninsu zai iya gani.

Hanyar da suka bi ita ce duba ko maki ya sauya a gunduma guda bayan wani shugaba ya tafi wani ya zo. To, mu ɗauki gundumar da shugabanta ya kafa tsari mai kyau, ya reni magaji, magajin ya ci gaba a kan turbar ba tare da ya rushe komai ba. Ma'aunin zai ga babu sauyi, ya rubuta wa shugabannin biyu sifili, ya kai ladan asusun "gunduma". Amma wa ya gina gundumar? Marubutan sun ce tsari ne ke ɗaga karatu ko ya daƙile shi, kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai tsari ba ya saukowa daga sama. Wani ne ya zaɓi manhaja, ya naɗa shugabannin makarantu, ya yanke wa kowace unguwa rabonta.

Union City a jihar New Jersey ta nuna haka. Gari ne na baƙin haure masu ƙaramin ƙarfi, yawancinsu masu jin Sifaniyanci. A 1989 jiha ta yi barazanar karɓe makarantunsa saboda lalacewa. Hukumar ilimin garin ta sake manhaja, ta ɗora ta a kan karatun littattafai, ta fara koyar da ƙananan yara da harshen gida kafin a shigar da su Turanci sannu a hankali. Da kotun ƙolin jihar ta wajabta ajin share fage ga 'yan shekara 3 da 4 a gundumomi matalauta a 1998, cikin jerin shari'ar Abbott, sai garin ya haɗa wannan aji da sauran tsarinsa. David Kirp (2013) ya ruwaito cewa a 2011 kashi 89.5 cikin ɗari na ɗaliban garin sun kammala sakandare, kusan kashi 10 sama da matsakaicin ƙasa. Shugabannin da suka gaji juna a wannan zango, irin su Stanley Sanger da Silvia Abbato, a cikin makarantun garin suka taso. An sauya mutum, manufa ba ta sauya ba. Wannan ne kuma, ina jin, amsar batun daɗewa a kujera: abin da ya kamata a auna shi ne daɗewar manufa.

Mai kare rahoton zai ce kuɗin Abbott ne ya yi aiki, ba jagoranci ba. Hujja ce mai nauyi, domin ba don kuɗin ba da ajin share fagen bai samu ba. Amma Newark, da ba ta da nisa da Union City, ita ma tana cikin gundumomi 31 da suka amfana da shari'ar, ga kuma dala miliyan 100 da Mark Zuckerberg ya yi alkawari a 2010. Duk da haka, a ƙarƙashin shugabar gundumar Newark, Cami Anderson, daga 2011 zuwa 2015, an rufe makarantu, an sauya tsarin ɗaukar ɗalibai, iyaye suka tayar da ƙayar baya don ba a yi shawara da su ba. Shari'a guda ce ta ba garuruwan biyu kuɗi, yadda aka sarrafa shi ne ya bambanta.

Sai dai bai dace a mayar da Newark misalin faɗuwa zalla ba. Binciken da masana a Harvard suka fitar a 2017 ya nuna cewa bayan koma baya a shekarun farko, ci gaban ɗalibai a Turanci ya ƙaru, na lissafi kuwa bai motsa sosai ba. Sannan Union City gunduma ce ƙarama, kuma gari ɗaya ba ya zama doka. Saboda haka dole in taƙaita da'awata. Ba zan iya cewa shugaba nagari yana ɗaga matsakaicin maki a ko'ina ba. Abin da hujja ta ɗauka shi ne cewa shugaba ne ke yanke wa zai samu me. Binciken na Harvard ma ya danganta fiye da rabin ƙarin da aka samu a Turanci da komawar yara daga makarantu masu rauni zuwa waɗanda suka fi su. Wane yaro zai zauna a wane aji, gaban wane malami, hukuncin ofishin gunduma ne.

A nan ne rahoton ya fi rauni, domin tambayarsa a kan maki ce, ba a kan rabo ba. Shugaban da ya ɗauke ƙwararrun malamai daga unguwar masu hali ya kai su unguwar talakawa zai iya barin matsakaicin gunduma yadda ya same shi, alhali ya sauya makomar dubban yara. Akasin haka ma yana yiwuwa. A Atlanta maki ya yi ta hauhawa har aka ba shugabar gundumar, Beverly Hall, lambar gwarzuwar shugabannin gundumomi ta ƙasa a 2009. A 2011 binciken gwamnatin jihar Jojiya ya gano malamai da shugabannin makarantu 178 a makarantu 44 da hannu a gyara amsoshin jarrabawa, ya kuma ɗora laifi a kan matsin lambar da ke saukowa daga ofishin gunduma. Yaran da suka fi cutuwa su ne masu rauni, waɗanda makin bogi ya ɓoye buƙatarsu ta ƙarin darasi. Da wuya a kira ofishin da zai iya irin wannan ɓarna marar tasiri.

Mas'alar ba ta Amurka kaɗai ba ce. Sakataren ilimi na ƙaramar hukuma a Nijeriya bai kai takwaransa na can iko da kuɗi ba, amma yana da hannu a tura malamai, kuma kowa ya san yadda makarantun cikin gari ke cika da malamai na ƙauye suna neman ɗaya. Duk wanda ya karanta kashi 0.3 ya ɗauka cewa ana iya ba da irin wannan kujera ladan siyasa, ya ɗora wa rahoton abin da bai faɗa ba.

Binciken da ake buƙata shi ne wanda zai bi gunduma shekara goma sha biyar ko ashirin, ya duba inda ƙwararrun malamai da kuɗi suka tafi, da yadda giɓin da ke tsakanin 'ya'yan talakawa da na masu hali ya motsa. Kafin a yi shi, iyakar abin da rahoton Brookings ya tabbatar shi ne sauya shugaba ba ya ɗaga maki cikin 'yan shekaru. Wannan gargaɗi ne ga hukumomin da ke korar shugaba su ɗauko wani da sunan gyara, kuma a kansa na yarda da marubutan ɗari bisa ɗari.