Yadda ake gano shekarun tsohuwar bindigar farauta ta lambar jikinta

Lambar da ke jikin bindiga lissafin maƙera ne. Kowane kamfani yana jera lambobinsa a kundinsa, shi ya sa lamba ɗaya kan iya fitowa a bindigogin kamfanoni daban-daban. Saboda haka sai an fara tantance maƙerin, kafin a nemi shekarar.

A Ingila, kamfanin Purdey, wanda aka kafa a Landan a 1814, yana riƙe da kundayen da ke nuna lambar bindiga da wanda ya fara sayenta. A Amurka, gidan tarihin makamai na garin Cody, jihar Wyoming, ke adana tsofaffin bayanan Winchester. Amma kafin dokar 1968, ba a tilasta buga lamba a kan kowace bindigar farauta a Amurka ba, don haka masu araha da yawa ba su da ita.

Idan lamba ta gaza, sai a koma ga tambarin gwaji, wanda galibi ke ƙarƙashin bututun. Gidan gwaji na Birmingham, wanda majalisar Birtaniya ta kafa a 1813, yana buga nasa bayan ya gwada bindiga da albarushin da ya zarce ƙima. Rubutun NOT FOR BALL yana nuna tsakanin 1875 da 1887. Daga 1921, Birmingham ta fara sa harafin shekara. A Liège ta Beljiyam, haruffan ELG masu kambi a sama sun fara ne daga 1893. A Italiya kuwa, XX na nufin 1964, AA kuma 1975. Sai dai tambari shekarar gwaji yake bayarwa, kuma akan sake gwada bindiga bayan gyara ko sauya bututu.

Sanin wannan ya shafi rai. Yawancin tsofaffin bindigogin Ingila an ƙera su ne don harsashi mai tsawon inci 2½, wasu kuma baƙin albarushi kaɗai aka gwada su da shi. Harsashin zamani mai inci 2¾ na iya fasa irin wannan bututu a hannun maharbi.

Akwai kuma batun bin sawu. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta wajabta lasisi ga mai riƙe bindigar farauta, ko da gadonta ya yi. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 ta buƙaci a sa wa makamai alamar da za a gane asalinsu. Da lambar ce mai bincike ke bin bindiga daga maƙera zuwa dillali, zuwa wanda ya shigo da ita. Idan aka kankare ta, ko kuma adaka ce ƙirar gida wadda ba ta cikin kowane kundi, sawun kan yanke tun daga farko.