Ƴan uwa mazauna Amurka: a duba firiz kafin a haɗa injin busar da tufafi

Mu nan gida, igiya da rana sun ishe mu shanya. Amma ƴan uwanmu da ke Amurka, irin su New York da Greensboro, da inji suke busar da wanki, kuma da dama cikinsu tsofaffin gidaje suke haya. To, ga abin da ya kamata a sani.

Injin busar da tufafi mai aiki da lantarki yana jan wuta sosai: volt 240, a kan layinsa shi kaɗai mai ƙarfin amfiya 30. Shi ya sa firiz ɗinsa, wanda wasu ke ce wa soket, ya fi sauran girma.

Firiz ɗin iri biyu ne. Gidajen da aka gina kafin 1996 galibi mai ƙofa uku gare su: waya biyu masu kawo wuta, ɗaya mai mayar da ita. Babu wayar ƙasa, wato wadda ke kwashe wuta idan ta ɓalle. Jikin injin da waya mai mayar da wutar aka haɗa shi. Ranar da ta kwance ko ta tsinke, ƙarfen injin sai ya ɗauki wuta. Wanda ya taɓa da jiƙaƙƙen hannu, Allah ya kiyaye. Saboda haka, tun 1996 ƙa'idar lantarki ta Amurka ta wajabta mai ƙofa huɗu a sabon aiki, ta huɗun ita ce wayar ƙasa. Tsohon firiz ba a hana shi ba, amma sai da lura.

Alamomin haɗari: firiz ya yi zafi ko ya yi baƙi, ana jin ƙauri, wuta na yawan ɗaukewa idan an kunna, ko jikin injin na ɗan fizgar hannu. In ka ga ɗaya, kashe layin daga akwatin wuta, ka sanar da mai gidan, a kira ma'aikacin lantarki mai lasisi.

Kada a lanƙwasa ko a yanke ƙafar fulogi don ta shiga. Kada a yi ƙari da doguwar waya. A riƙa kwashe audugar da ke taruwa a matacin injin bayan kowace shanya, don tana haddasa gobara.

Masu ƴaƴa ko ƙanne a can, ku tura musu wannan. Rigakafi ya fi magani.