Bayani kan kwafar fayil zuwa jakar haɗaka ta ofis

A farkon watan Satumban 2021 ne hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta umarci kamfanonin waya da su katse layukansu a jihar Zamfara, a wani mataki na yaƙi da 'yan bindiga.

Daga Gusau zuwa Tsafe da Bungudu, har da garuruwa irin su Nahuce, jama'a sun shafe makonni babu waya, babu intanet.

Lamarin ya fito da amfanin jakar haɗaka, wata daɗaɗɗiyar hanya ta musayar takardun aiki tsakanin kwamfutocin ofis guda, wadda ba ta dogara da intanet ba.

Mece ce jakar haɗaka?

Wata ma'ajiya ce da ake warewa a cikin kwamfuta ɗaya, a ba sauran kwamfutocin da aka haɗa da ita, ta kebul ko Wi-Fi, izinin shiga.

Kwamfutocin Windows suna yin wannan musayar ne ta wata ƙa'ida mai suna SMB, wadda aka ƙirƙiro a kamfanin IBM a shekarar 1983.

Muddin akwai lantarki kuma kebul na aiki, fayil zai wuce ko da an rufe layukan waya.

Yaya ake kwafar?

Ma'aikaci zai zaɓi fayil ɗin a kwamfutarsa ya danna Ctrl da C, sannan ya buɗe jakar haɗaka ya danna Ctrl da V. Mai yiwuwa a nemi sunansa da kalmar sirri.

A kan kebul mai gudun megabit 100, fayil mai nauyin gigabait ɗaya yakan ɗauki kimanin minti ɗaya da rabi.

Kwafa ta bambanta da yankewa. Wanda ya kwafa yana da fayil biyu, amma wanda ya yanke da Ctrl da X ya raba kwamfutarsa da na asali.

Ina haɗarin yake?

Galibi, fayil ɗin da aka goge daga jakar haɗaka ba ya faɗawa kwandon shara na kwamfutar wanda ya goge shi. Haka kuma, idan aka amince wani fayil ya maye gurbin mai suna irin nasa, aikin abokin aiki na iya salwanta.

Sai kuma batun kutse. A watan Mayun 2017, manhajar WannaCry ta bi ta wata kafa a tsohon samfurin SMB ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kimanin 150, ciki har da na asibitocin Birtaniya.

Don haka ne masana ke ba da shawarar a riƙa sabunta Windows, a taƙaita masu izinin gogewa, sannan a adana wani kwafin a ma'ajiyar da ba ta haɗe da sauran kwamfutocin.